Ajin da Ba Shi da Gaba, Ba Shi da Baya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya sauka a hankali)



Duk wanda ya taɓa zama a babban ɗakin lacca na jami'a ya san yadda abin yake. Kujeru hawa-hawa, an kafe su da ƙusa, kowa ya fuskanci allo, abin da kake gani na abokin karatunka ƙeyarsa ce kawai. Malam na can ƙasa da lasifika, in an ci sa'a akwai wuta. 'Yan gaba na ta rubutu, 'yan baya na jiran takardar sa hannu ta iso su sulale. Tun kafin malam ya buɗe baki, ɗakin ya riga ya yanke hukunci: mutum ɗaya ne zai yi magana.

Wannan hukuncin ne wani malamin fiziks a Amurka, Robert Beichner, na Jami'ar Jihar North Carolina, ya ce bai yarda da shi ba. A shekarun 1990 ya kwashe jerin kujerun, ya shigo da tebura masu zagaye kamar faifai. Har faɗinsu sai da ya gwada, ya tsaya a kan ƙafa bakwai. In teburi ya gaza haka, ana gogayyar gwiwar hannu, ba wurin ajiye littafi. In ya wuce haka, sai ka ɗaga murya kafin na can gefe ya ji ka. Ɗalibai tara a kowane teburi, an kasa su uku-uku, kowane rukuni da kwamfuta ɗaya. Ku lura, ɗaya ce tak ga mutum uku, kuma da gangan ne. Ka ba kowa tasa, kowa zai sunkuyar da kai ya manta da maƙwabcinsa.

(Hayaniyar ɗalibai na tattaunawa)

Hayaniyar da kuke ji, a irin wannan ajin ita ake nema. A shekarar 2001 shahararriyar jami'ar fasaha ta MIT ta ɗauki tsarin, ƙarƙashin jagorancin Farfesa John Belcher, don koyar da 'yan aji ɗaya darasin lantarki da maganaɗisu. Tebura 13, kujeru 117, fararen alluna a bango ko ta ina ka juya, teburin malam a tsakiya. Wanda ya saba ɓuya a kujerar baya sai ya nema ya rasa, don ɗakin ba shi da baya.

Za ku ɗauka ɗalibai sun yi murna. Ina! Da aka faɗaɗa tsarin a 2003, takardar koke suka rubuta suka sa hannu. Wasu sun saba su ƙi zuwa lacca su yi karatunsu a ɗaki, yanzu ga shi zuwa aji na da maki. Wasu ba sa son a haɗa su da wanda ba su zaɓa ba. Amma wani ɓangare na laifin na malamai ne, waɗanda suka shigo sabon ɗaki da tsohuwar ɗabi'a, suka ci gaba da zuba lacca, alhali rabin ajin sun ba su baya. Sai da aka koma aka horar da malaman, aka rage surutu aka ƙara aiki, kafin abin ya zauna. Teburi dai katako ne, ba ya koyar da kowa.

A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci. Inda lacca ce zalla, kusan ɗalibai 34 cikin 100 ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki da tattaunawa a aji, kusan 22. Salon koyarwa suka auna, ba kujeru ba, amma ta yaya za ka ce wa mutum ya juya ya tattauna da na bayansa a kan kujerar da ba ta motsi?

Wani zai ce wannan zancen masu kuɗi ne. Ni dai ban yarda ba gaba ɗaya. Ɗalibanmu sun daɗe suna gina irin wannan ajin da kansu. Je ka gindin darbejiya ana saura mako guda jarrabawa, za ka tarar da mutum bakwai sun kewaye wanda ya fi su gane darasi, ya ɗora takarda a cinya yana warware lissafi, wata na cewa, "Don Allah maimaita daga layi na biyu." Je ka barandar masallaci bayan la'asar, ko duk lungun da ke da soket mai aiki, nan ma haka.

Da ni ne mai zanen sabon ginin tsangaya, kafin in ja layi ɗaya sai na yi mako ina bin waɗannan wurare ina ƙirga kawuna. Inda na ga an fi taruwa, nan zan sa benci mai zagaye da rumfa, in shafa wa bangon baƙin fenti, in ajiye gwangwanin alli.

(Kiɗan rufe shiri)