Hajijiyar da Ke Raba Matuƙi da Jirgi

Yawancin matasan da ke burin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya fargabar gwajin ido suke yi. Ba kasafai suke tuna kunne ba, alhali shi ma yana kayar da mutum.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa. Su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa ko kanka ya karkata, ko ka juya. A ƙasa, in sun yi kuskure, ido da tafin ƙafa za su gyara. A cikin gajimare ko duhun dare kuwa ba abin da ido zai kama. Ko mai lafiyayyen kunne yana ruɗewa: binciken haɗarin da ya kashe John F. Kennedy ƙarami a 1999 ya nuna ya kasa bambance sama da ƙasa ne yana tuƙi da dare a kan teku. To, ina ga wanda kunnensa ke da ciwo?

Ɗaya daga cikin cututtukan kunne masu tsanani ita ce cutar Meniya, wadda ta samo suna daga likitan Faransa da ya bayyana ta a 1861. Hajijiya ce mai zuwa ba sallama, tare da amai, ƙugi a kunne da raguwar ji. Likitocin da ke tantance matuƙa ba sa wasa da ita, domin ba wanda ya san sa'ar da za ta taso.

Alan Shepard, Ba'amurken farko da ya je sararin samaniya a 1961, ita ta kama shi a kunnen hagu, NASA ta dakatar da shi daga tashi shekaru da dama. Sai da Dakta William House ya yi masa tiyata a Los Anjeles, ya sa ɗan siririn bututu mai rage ruwan, sannan aka maido da shi a 1969. A 1971 ya jagoranci Apollo 14, ya taka duniyar wata yana da shekara 47. Kada dai wannan ya yaudari kowa, ba kowane mai cutar ne tiyata ke yi wa irin wannan rana ba.

Abin da ya fi damuna yana kemis. Allurar jentamaisin da siteraftomaisin suna iya lalata wannan sashe na kunne, wani lokaci har abada, ga shi ana tsira wa yara jentamaisin ba tare da likita ya rubuta ba. Kwinin ma yana kawo ƙugi.

Ba kowace juwa ce ke hana lasisi ba. Wasu suna warkewa, a sake gwada mutum. Amma mai yawan jiri ko ƙara a kunne ya fara ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro kafin mahaifinsa ya sayar da gona don kuɗin makaranta. Wanda kuma ya ɓoye wa likita, ya sani matuƙin fasinja ana sake duba lafiyarsa aƙalla sau ɗaya a shekara.