Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Darasi Daga Suame

Jama'ar Zango, duk wanda ke kasuwanci a Gana bai manta da shekarar 2022 ba, lokacin da darajar sidi ta faɗi, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100 a watan Disamba. A wannan shekara mun ga shaguna sun rufe, mun kuma lura cewa da yawa cikin waɗanda suka tsira masu tattalin kayan aikinsu ne.

Mu ɗauki misali da Suame Magazin a Kumasi, inda dubban makanikai da maƙera suke neman abinci. A can tsohon inji ba ya mutuwa. Sai a kwance shi, a gyara abin da zai gyaru, a sayar da sauran ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 1980 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar koyar da sana'a a wurin, daga baya masu narka ƙarfe suka riƙa mai da tarkacen mota farantan injin niƙa. Mai niƙa ya sami kaya da araha, mai narkawa ya ci riba, kuɗin kuma bai ƙetare teku ba.

Wannan darasi ya shafe mu duka. Tela yana iya haɗa ƙyallaye ya ɗinka jaka ko matashi. Mai shago ya adana kwali da buhu, ya mai da kwalabe kamfani. Mai keken ɗinki da ke sa masa mai a kan kari, ba zai nemi bashin sayen sabo ba. Abin da ba ka kashe ba, shi ma riba ne.

Akwai kuma amfanin unguwa. Ba mu manta da ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Akara ba, wadda ta ci rayuka fiye da 150. Shara da ta toshe magudanan ruwa tana cikin abubuwan da suka jawo ta.

Sai dai tattali yana da iyaka. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko fetur, kada a zuba man ja ko ruwan sha a ciki, kome wankinta. Tayar da ta suɗe, a yanka ta a yi takalmi, kada a mai da ta kan mota.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin mu kai wani abu juji, mu tsaya mu tambayi kanmu ko nawa za mu biya in mun tashi sayen sabonsa.