3.2 Alkamar Amurka da Fadamun Kogin Haɗeja

Kamar yadda bayani ya gabata, a shekarar 1898 ne Amurka ta shiga mallakar ƙasashen ƙetare gadan-gadan, inda ta karɓe Filifin da Guwam daga hannun Sifen, ta kuma haɗiye tsibiran Hawai. To amma mamayar da ta iso ƙasar Hausa ba da bindiga ta zo ba. Ta kasuwa ta biyo, musamman kasuwar alkama.

Manoman Amurka suna noma alkamar da ta fi ƙarfin cikin ƙasarsu, don haka a 1954 gwamnatinsu ta kafa dokar fitar da rarar abinci waje bisa sauƙaƙan sharuɗɗa. A Nijeriya kuwa, an buɗe babban injin niƙan fulawa a Apapa a 1962, wanda ya dogara ga alkamar waje, akasari ta Amurka. Sannu a hankali burodi ya zama abincin karin kumallo a birane.

A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama. Nan da nan farashinta ya tashi, manoman fadamun kogin Haɗeja, yankin da Miga take ciki, suka duƙufa nomanta da rani da ƙananan injinan ban-ruwa. Amurka, wadda ta rasa babbar kasuwa, ta yi ta matsa lamba, masu injinan fulawa na gida su ma suna kuka, har aka ɗage dokar a 1992. A ganin mai wannan bincike, manomin fadama ne ya fi jin jiki, domin ya zuba jari, sai ga alkamar jirgin ruwa ta karya masa farashi.