Ruwan Rini da Saurin Haɗuwar Sinadarai



A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne Sarakunan Baba. Wannan laƙabi yana da tushe, domin Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya tarar da rinannen tufafi shi ne ƙashin bayan cinikin ƙasar. Abin tambaya shi ne, wane ilmi ke cikin karofi?

Shuni ba ya narkewa a ruwa zalla. Sai marini ya haɗa baba da toka da katsi, ya bar su kwanaki. Toka tana sa ruwa ya yi kaifi irin na kanwa, ƙananan halittu kuma su cinye iskar da ke cikinsa, sannan shuni ya narke. In an tsoma zane aka ɗaga, iska ta buge shi, sai ya koma shuɗi. In toka ta gaza, ko sanyin hunturu ya yi yawa, aikin yakan yi nawa. Watau ruwan ne ke yanke saurin aikin.

Haka abin yake a masana'antar roba. Akan haɗa ƙananan sinadarai iri biyu su yi doguwar sarƙa. Bakin sarƙar yana da ƙwayar lantarki guda marar abokiya, saboda haka yakan cafki sinadarin da ya fi saurin kamuwa. A 1944 Mayo da Lewis suka fito da lissafin wannan tsere. Daga baya bincike ya nuna ruwan da aka narkar da su yana iya sauya sakamako. Alal misali, a haɗin akirilamaid da asid na akirilik, in ruwa ya yi kaifin kanwa, asid ɗin yakan ɗauki cajin lantarki, 'ya'yansa su riƙa ture juna, shigarsa sarƙa ta ragu. Da irin wannan sarƙa ake kwantar da laka a matatar ruwan sha.

Tun 1897, da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, kasuwar baba ta soma ja da baya, karofi da yawa suka mutu. Don haka ya wajaba ɗaliban Rano da Kibiya su zauna da tsofaffin marina, su rubuta ma'auninsu da kalmominsu tun suna raye. Da waɗannan kalmomi ne za mu koyar da kimiyya da Hausa.