Binciken Cutar Mantuwa: Ina 'Yan Asiya Suke?

A rahotonsa na 2024, kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar mantuwa, waɗanda ake iya magancewa, ciki har da hawan jini, ciwon sukari, shan taba da raunin ji. To amma a jikin su wa aka auna wannan?

Rumbun bayanan lafiya na UK Biobank a Birtaniya ya tara mutum rabin miliyan, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 Turawa ne. Alhali 'yan asalin Indiya, Pakistan da Bangladesh sun fi saurin kamuwa da ciwon sukari, da ƙananan shekaru, ko ba su da ƙiba sosai.

Gwajin ƙwaƙwalwar da ake yi don gano cutar ma akwai gyara. A ce wa tsohuwar da ba ta yi boko ba, ba ta jin Turanci, ta zana agogo ko ta rubuta jimla, ai za ta faɗi gwajin ko da lafiyarta ƙalau.

Shi ya sa shirin binciken cutar mantuwa na ACAD a Amurka da Kanada yake gwada dattawa 'yan asalin Sin, Koriya da Biyetnam cikin harsunansu.