Wasan tanis: ƙafa ce ke kai hannu ga ƙwallo

Tanis wasa ne na mutum biyu ko huɗu. Ana ɗaure raga a tsakiyar fili, kowa ya tsaya a ɓangarensa. Kowane ɗan wasa yana riƙe da raket, wato sanda mai faɗin kai da aka saƙa da zare mai ƙarfi, da ita yake mayar da ƙwallo ƙetaren raga. Mai kallo yakan zuba ido ga hannu. Masu horarwa kuwa ƙafa suke fara dubawa, domin wanda bai isa wurin ƙwallo da wuri ba, ƙarfin damtsensa ba zai amfane shi ba.

Tsawon filin mita 23,77 ne. Faɗinsa mita 8,23 idan mutum biyu ne ke karawa. Manyan ƴan wasa sukan buga ƙwallon farko da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. Kafin daƙiƙa ɗaya ta cika, ta iso ɗaya ɓangaren. Gudun da ake yi a filin gajere ne, taku uku ko huɗu, yawanci zuwa dama ko hagu, sai birki, sai juyowa. Sau da yawa kafin daƙiƙa 10 an ci ko an faɗi, a huta daƙiƙa 25, a sāke. Haka za a yi ta yi awa biyu ko uku. A shekarar 2010, a gasar Wimbledon ta Ingila, John Isner na Amurka da Nicolas Mahut na Faransa sun yi awa 11 da minti 5 suna wasa ɗaya, cikin kwana uku.

Ke nan abu biyu ake nema ga jiki: saurin tashi da tsayawa, da kuma jimiri. Manomi ya san jimiri, tun da yakan wuni a duƙe yana noma. Amma tashi kamar walƙiya da taka birki nan take wani aiki ne dabam, sai an koya wa ƙafa.

Ɗan tsallen shiri

Wannan shi ne tushe. A daidai lokacin da abokin karawa zai bugi ƙwallo, ɗan wasa yakan yi ɗan tsalle kaɗan, ya dira a kan yatsun ƙafa. Ƙafafu a buɗe, sun ɗan fi faɗin kafaɗu, gwiwoyi a lanƙwashe. Me ya sa? Tsoka kamar roba take. Idan aka ja ta aka saki nan da nan, da ƙarfi take komawa. Dirar tana jan tsokar cinya da ta sha-raɓa, sai taku na farko ya fita da sauri. Wanda ya kafa dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, sai ya lanƙwasa tukuna kafin ya motsa, kafin nan ƙwallo ta wuce. Mun ga ƴan kokowa suna irin wannan tsayuwa a fage kafin a haɗu, ba mai tsayawa ƙyam.

Koyonsa ba ya bukatar kuɗi. Mutum biyu su fuskanci juna. Ɗaya ya tafa hannu, ɗayan ya yi tsallen. Yana dira, mai tafin ya nuna dama ko hagu, shi kuma ya yi taku uku zuwa can ya dawo. A yi sau 10, a canza.

Tafiyar gefe da ɗiban ƙwallaye

Bayan an bugi ƙwallo, dole a koma tsakiya. Ba a juya wa raga baya. Ana tafiya a kaikaice, ƙafa ɗaya ta matsa, ɗayar ta biyo ta, ba tare da sun haɗu ba. In wurin da nisa, taku na farko sai a gitta ƙafa ɗaya ta gaban ɗaya, don ya fi cin ƙasa. A shata layi biyu a ƙasa, mita 4 tsakaninsu, a yi ta kaiwa da komowa na daƙiƙa 20, a huta, a sāke sau biyar.

Akwai kuma horon ɗiban ƙwallaye, wanda a ganinmu ya fi kama da wasan kansa. Ana ajiye ƙwallo biyar a wurare biyar na rabin fili. Ɗan wasa ya tashi daga tsakiyar layin baya, ya ɗauko ɗaya ya kawo, ya koma ga ta biyu, har su ƙare. In babu ƙwallo, goruba ma ta isa. A nan ake gane mai birki. Wanda bai iya ba yakan wuce ƙwallon ko ya zame. Wanda ya iya yakan gajarta takunsa in ya kusa, ya sauke ƙugu, ya lanƙwasa gwiwa maimakon ya duƙar da baya.

Tsallen igiya yana ƙarfafa idon sawu, yana ƙara numfashi. Tsayuwa da ƙafa ɗaya tana gyara daidaiton jiki, kuma wanda ya yi langa da ƙuruciya ya riga ya san wannan.

Irin ƙasar fili ma tana canza taku. A gasar Roland Garros ta birnin Paris, garin jan bulo ake shimfiɗawa, ƴan wasa suna zamewa da gangan su tarbi ƙwallo. Rafael Nadal na Sifen ya ci kofin nan sau 14 tsakanin 2005 da 2022. Yannick Noah, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, ya ci shi a 1983. A filin siminti kuwa ƙafa kamawa take yi, shi ya sa gwiwa ta fi wahala a can.

Mu kiyaye lafiya

Filayen tanis ba su da yawa a ƙasarmu, an fi samun su a Yamai. Amma wannan horo ana iya yin sa a kowane fili mai laushi, in an share duwatsu da ƙaya. Kada a fara da jiki a sanyaye. A yi sassarfa ta minti 10 har gumi ya tsattsafo. Horon sauri a yi shi da farko, kafin gajiya, domin gajiyayyar ƙafa ita ce ke gurɗewa.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a wurarenmu. Mai motsa jiki a irin wannan zafi yana iya zubar da gumin da ya fi lita ɗaya a awa. A yi horo da sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa kafin a fara, a riƙa kurɓa a lokacin hutu. Wanda ya ji jiri, ko ciwon kai, ko ciwon ƙirji, ya tsaya nan take ya shiga inuwa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likita kafin ya soma.

Idan an yi targaɗe a idon sawu, a daina wasan. A ɗaga ƙafar sama, a ɗora ƙanƙara da aka naɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, ko tsumma mai ruwan sanyi. Kada a murza wurin da ƙarfi, kada a gasa shi da ruwan zafi a kwana biyun farko, domin kumburi zai ƙaru. In mutum ya kasa taka ƙafar ko da taku huɗu, a kai shi gidan likita a duba ko ƙashi ya tsage.