Peugeot 504: suna ɗaya, ƙira iri-iri

A shekara ta 1968 ne kamfanin Peugeot na Faransa ya fiddo da motar nan 504. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, don kowace ƙasa da irin tata.

Ta Faransa, fitilunta na gaba manya ne guda biyu, masu kusurwa. Wadda aka kai Amurka kuwa huɗu gare ta, masu da'ira, saboda haka dokar ƙasar ta tanada a lokacin. Ta Kenya, sitiyarinta a dama yake, tun da a can ta hannun hagu motoci ke bi.

Akwai kuma ta Kaduna, inda aka buɗe masana'anta a 1975. Faransa ta daina ƙera mai ƙofa huɗu a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har fiye da shekara 20 bayan nan. Arjantina ma sai 1999 ta tsaya.

Shi ya sa tsohon makaniki ba ya sayen fitila don ya ji an ce 504 kawai. Sai ya tambayi inda aka harhaɗa motar da shekararta.